Madanni na Uku

Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya da "ina ci gaba? ina ci gaba?", to ga shi nan, a sarara min haka. Ke kuma da kika rubuto cewa idan Kawu bai taka cikin gidan nan yau ba kin daina karatu, na ji ki, amma ki sani ni ma ba iya wa tsohon nan nake yi ba. Ku gyara zama.

*

Da hantsi Auta ta gane ɓarnar da ta tafka.

Wata uku ke nan tana zaune a ɗakin takardun Baba, tana kwashe rubutun kiɗansa daga tsofaffin littattafai tana zubawa a kwamfuta. Kiɗa arba'in cif, na badujalar masaƙa, wadda Baba ya riƙe wa sanda har sunansa ya ɓace aka koma kiransa Mai Sanda. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi wata takwas da suka wuce, hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Jibi babban yayanta zai zo da mota ya ɗauke shi da Mama zuwa garin da yake aiki, kusa da asibiti, kuma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce.

Tsofaffin 'yan badujala, su bakwai da suka rage, sun ce gobe za su taru a tsakar gida su busa masa na sallama. Idanunsu ba sa ganin fensirin Baba yanzu, shi ya sa Auta ke buga musu da manyan ɗigo. A cikinsu babu mai ƙaho ko ɗaya. Mai ƙaho ɗaya ne ya rage a raye, Kawu, ƙanen Mama, kuma shekararsa ashirin da shida rabonsa da ya haɗa ido da Baba.

Littafin ƙahon, mai koren bango, shi ta bari ƙarshe, shi ne kuma ya ba ta ciwon kai. Ita fa malamar kiɗa ce a makaranta, ta san yadda sauti ke tafiya. Amma inda ya kamata ƙahon ya sauko a hankali, sai ta ga Baba ya cilla shi sama. Inda ya kamata ya bi sauran, sai ya tsayar da shi wuri ɗaya kamar an kafa shi. Ta ce a ranta, Allah sarki, ashe Baba ma yana kuskure. Ta bi tana gyarawa shiru, tana sanya wa duk ɗigon da ta taɓa jan launi don kada ta manta. Gyara ɗari uku da goma sha biyu. Har wani daɗi take ji, wai tana rufa wa mahaifinta asiri.

To, jiya tsoho mai busa babban bututu ya roƙe ta wata alfarma. Ya ce, "'Yata, kai ya tsufa. Ki sa min lambar yatsu a ƙarƙashin kowane ɗigo, in san wanda zan danna."

Manhajar tana yin wannan da danna ɗaya. Yau da hantsi ta danna, sai dai garin sauri ta haɗa da layin ƙaho. Lambobi suka fito ƙanana a jere a ƙarƙashin ɗigon.

Ƙaho madannai uku ne da shi. Na ɗaya, na biyu, na uku.

Ta kai hannu za ta goge, sai idonta ya tsaya. Sifiri, ɗaya, biyu, ɗaya da biyu. Ɗaya, sifiri, biyu. Ta gangara shafi na gaba. Haka. Na gabansa, haka. Ba inda lamba uku ta fito sai a ƙarƙashin jan ɗigo.

Nata ne. Duk nata ne.

Ta ɗaga kai ta kalli hoton da ke bango, su ashirin da biyu cikin fararen kaya a ƙofar masaƙa, Baba a tsakiya da sandarsa, Kawu a damansa ya karkata hula yana dariya, yatsunsa biyar cif a kan ƙaho. Bayan ɗaukar hoton da wata biyu injin masaƙa ya cinye masa biyu na ƙarshe a hannun dama.

Ta sa manhajar ta mayar da komai yadda Baba ya rubuta. Jajayen suka ɓace. Ta ce a nemo mata lamba uku a littafin gaba ɗaya.

Guda ɗaya ta fito. A kiɗa na arba'in, ɗigon ƙarshe.

Hannunta na kan linzamin kwamfutar. Danna biyu kawai, ta canza shi, ba wanda zai sani har abada. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta janye hannun ta ɗora a cinya. Gyaran da ta yi wa Baba ya isa haka.

Muryar Mama ta ji daga baranda. "Auta! Fito ki gaida Kawunki."

*

Yana zaune a bencinsa na kullum, bakin ƙofa, ledar lemo a gefe. Asabar ɗin farkon kowane wata yake zuwa gaida yayarsa. Ba ya wuce bencin nan, ba a kuma ambatar sunan maigidan a gabansa. Wannan ce ƙa'idar da ya gindaya tun Auta tana rarrafe.

"Kawu, ina kwana."

"Malama Auta. Ya yaran makaranta? Har yanzu suna fasa miki kunne?"

"Suna fama. Kawu, aiki ne ya kakare min. Ina neman wanda ya san ƙaho."

Ya kurɓi shayinsa. "Allah ya haɗa ki da shi."

"Ai ga shi a gabana."

"Ke, bar ni in sha shayina lafiya. Na ji labarin taron naku na gobe. An ce akwatin nan naki ne zai busa muku ƙaho. Ya busa mana, shi ai ba shi da yatsun da za a raina."

Mama ta kalli Auta, kallon ki yi shiru. Auta ta yi kamar ba ta gani ba. Ta san tsohon nan, lallashi ba ya kama shi.

"Ba busa nake nema ba. Kurakurai ne na tarar a rubutun Baba, na gyara ɗari uku da goma sha biyu. So nake a duba min."

Kofin ya tsaya a hanya.

"Kurakuran wa?"

"Na Baba."

"Nawa kika ce?"

"Ɗari uku da goma sha biyu."

Kawu ya dire kofin har shayi ya fallatsa. "Ke Auta, ki kiyayi bakinki! Mutumin nan ba shi da kirki, na faɗa na ƙara. Ba ya yabo, ba ya fara'a, kalma ɗaya ya iya a duniya, 'A sake.' Ka busa har leɓenka ya tsage, ya ɗaga sanda ya ce a sake. Amma kuskure? Mai Sanda? Ɗigo ɗaya bai taɓa sakawa a inda ba wurinsa ba. Ku yaran zamani kun samu akwati mai wuta kuna ganin kun fi kowa!"

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Karo na farko ke nan cikin shekara ashirin da shida da ta ji sunan ya fito daga bakinsa.

Auta ta ce, "To zo ka gani da idonka."

Ya kalli ƙofar ɗakin takardun, wadda ke buɗe ta baranda. Ya kalli ƙofar cikin gida. Ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ɗakin takardu ba cikin gida ba ne," ya faɗa wa Mama, kamar ta tambaye shi. "Ki shaida."

*

Yana shiga ya tsaya cak. Ɗakin bai canza ba. Teburin nan mai gajeriyar ƙafa har yau murfin gwangwani ne a ƙarƙashinta. Ƙamshin tsohuwar takarda da man ƙaho yana nan. Ya kalli hoton bango sau ɗaya ya kau da kai da sauri.

"A nan muke zama ran Lahadi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ni a taga, shi a tebur. Uwarki ta leƙo da shayi sau uku, wai ta manta cokali. Ni na haɗa su fa. Ni na ce masa ina da yaya mai hankali. Da na san haka ne..."

Maganar ta maƙale. Ya hango koren littafin.

"Me wannan yake yi a nan?"

"Shi nake aiki a kai."

"Cire min shi daga gabana."

"Kawu..."

"Na ce ki cire shi!" Ya nuna littafin da hannun nan mai yatsu uku. "Kin san mene ne wannan? Wata huɗu ina jinya. Wata huɗu bai zo duba ni ba sai sau biyu, ya zauna ya yi shiru ya tashi. Na warke, na koma wurin gwaji da ƙahona a hammata. Na gwada hannun hagu a gida ya ƙi, na gwada tsallaka yatsa ya ƙi, amma na ce zan mutu a kan kujerata. Ina shiga, a gaban mutum ashirin, ya ɗauke littafina na da, wanda na yi shekara tara ina busawa, ya ajiye min wannan. Ko kallona bai yi ba. Na buɗe shafin farko. Duk wuraren da nake gwaninta, inda mata ke tsayawa a titi su saurara, ya share su. Ya rubuta min wani abu dabam, tsalle nan tsalle can, kamar na ɗan koyo."

"Ka busa shi?"

"In busa me? Sadaka? Na jefa masa a ƙafa. Na ajiye ƙahon a kan kujera, na ce ya ba wa mai yatsu biyar. Ya bi ni da ido, wallahi ko 'dawo' bai ce ba."

Auta ta ja masa kujerar Baba. "Zauna, Kawu. Minti biyar. Idan ka ga ba haka ba, ni da kaina zan raka ka titi."

Ya zauna a bakin kujerar, kamar mai jiran mota. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta ƙara girman rubutun. Ya laluba aljihu ya sa tabarau.

"Su tsuntsaye a kan waya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Haka yake kiransu. To ina kurakuran?"

Ta dawo da gyararrakinta. Jajayen ɗigo suka watsu a shafin.

"Ga su. Duk ja nawa ne. Karanta min lambar da ke ƙarƙashin wannan."

"Ɗaya da uku."

"Wannan fa?"

"Biyu da uku. Ke, ni za ki koya wa lambar yatsu?"

"To yanzu ga na Baba."

Ta danna. Jan ya ɓace.

"Nemo min uku."

Ya matso da fuska. Leɓensa na motsi. Sifiri, ɗaya, ɗaya da biyu. Ya kai ƙarshen layi, ya koma farko. Ya share tabarau da gefen riga ya sake sawa.

"Wuce gaba."

Ta wuce.

"Gaba."

Kiɗa na biyu, na uku, na bakwai. Tun tana juya masa har ya karɓi linzamin da kansa, bai ma iya riƙewa ba, yana ta murzawa shafuka na gudu. Auta ta lura da hannunsa na dama a kan gwiwa. Yatsu biyun da suka saura kusa da babban yatsa sun fara tashi suna sauka, su kaɗai, suna bin lambobin. Ba su tsaya ba ko sau ɗaya.

A kiɗa na goma sha biyu ya saki linzamin.

"Wannan ai... wannan ai shi ne na ranar biyan albashi. Wanda muke zagaya unguwar ma'aikata da shi. Akwai wani wuri a tsakiya, duk na uku ne." Ya nuna da yatsa. "Nan. Ya hau da shi sama. Ya canza wa sauran ma, dole, in ba haka ba ba zai zauna ba."

"Ya canza wa kowa, Kawu. Na duba littattafan sauran. Duka arba'in ɗin sabon rubutu ne, na mutum ashirin. Don su dace da naka."

Kawu ya ƙura wa shafin ido.

"Wata huɗu," in ji Kawu.

"Wata huɗu," in ji Mama daga bakin ƙofa. Ba su san lokacin da ta zo ba. "Kullum da sassafe kafin ya tafi masaƙa. Ya zauna a kujerar nan ya ce in ɗaure masa yatsu biyu da zaren ɗinki, waɗannan na ƙarshe. Ya aro ƙaho ya yi ta busawa yana gogewa yana rubutawa. Har zaren ya yi masa shaida a fata."

Kawu ya juyo a hankali. "Yaya, kin san wannan?"

"Na san zaren. Ni na iya karatun tsuntsayenku ne? Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa shi. Sau nawa na ɗauko zancen ka tashi ka bar min shayi? Shi kuma na ce masa je ka yi masa bayani, ya ce idan sai an yi bayani, to rubutun bai yi ba. Ku biyun nan kun ƙona min rai! Shekara ashirin da shida ina dafa shayi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, kamar mai gidan abinci."

Ta goge ido da mayafi. Auta ma nata sun cika. Tausayin su uku ne ya kama ta, har da haushinsu.

Amma Kawu ba a kayar da shi da sauƙi. Ya murtuke fuska, ya gyara zama.

"Duka arba'in kika ce? Babu uku ko ɗaya?"

Auta ta kalli linzamin. Da ta yi danna biyun nan ɗazu, da yanzu ta ce eh ta huta.

"Akwai guda ɗaya."

"Yauwa!" Ya buga cinya, har da wata dariya marar daɗi. "Na sani. Ina yake?"

"Kiɗa na arba'in. Ɗigon ƙarshe."

"Na arba'in? Talatin da tara muke da su."

"Wannan sabo ne. Babu shi a takardunku na da. Ko suna bai ba shi ba."

Ta kai shi shafin. Kiɗa ne gajere, mai tafiya a hankali, kusan ƙaho ne kaɗai ke magana, sauran na raka shi ƙasa-ƙasa. A ƙarshe ɗigo ɗaya fari, dogo, da alamar a riƙe shi iya numfashi. Ƙarƙashinsa manhajar ta rubuta ɗaya da uku.

"Kin gani?" Muryar Kawu ta yi kaushi. "Ya kai ni har ƙarshe, sannan ya haƙa min rami. A gaban jama'a, ɗigon da kowa ke jira. Don in tuna ni waye."

"Baba ba zai yi haka ba."

"Ke kika san shi ko ni?"

"Wataƙila kuskure ne."

"Na faɗa miki ba ya kuskure! Ba ni littafin."

Ta miƙa masa. Littafin da ya jefar shekara ashirin da shida da suka wuce, yau ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe shafin ƙarshe. Ga ɗigon nan da fensirin Baba, an danna shi da ƙarfi har ya huda takarda. Kusurwar shafin ta ƙasa a lanƙwashe take, ta manne saboda daɗewa. Auta ta gan ta tun tuni, ba ta taɓa ba, tana tsoron kada ta yage.

Kawu ya sa farce ya ɗaga ta a hankali.

Akwai rubutu a ciki. Ƙanana, da fensir, irin na Baba mai jingina gefe.

Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi. "Ba na gani. Karanta."

Auta ta sunkuya. Ta karanta a hankali.

"Nan zan ajiye sanda, in sauko in danna maka."

Ba wanda ya yi motsi. A titi wani mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa, har ƙarar ta yi nisa.

Kawu ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya rufe fuska da hannun nan nasa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Auta ba ta taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, babu sauti, sai numfashi.

"Mai Sanda ba ya sauka," ya ce daga bayan hannun. "Ko ruwan sama ake yi ba ya sauka daga kan akwatin da yake tsayawa a kai. Ko manajan masaƙa ya zo, a sama yake gaishe shi. Shi ne zai sauko a gaban mutane... Kai, kaico. Shafin farko kawai na buɗe, Auta. Shafin farko!"

Mama ta wuce su. Ta durƙusa ta jawo wata baƙar jaka daga ƙarƙashin tebur, ta ɗora masa a cinya.

Ya buɗe. Ƙahonsa ne, da ɗan lotsewar nan a gefe, ta ranar da ya faɗo daga keke. Ya danna madannan ɗaya bayan ɗaya. Suka sauka suka taso sumul.

"Duk farkon wata yake zuba masa mai," in ji Mama. "Ranar da kake zuwa. Kana waje kana shan shayi, yana nan yana gogewa. Tun da ya kwanta ni nake yi, yana kallona, in na yi ba daidai ba ya harare ni."

Auta ta leƙa jakar. "Mama, babu bakin. Ba zai busu ba."

Kawu ya ja hanci. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullan shagonsa. A jikinsu, ɗaure da igiyar takalmi, ga bakin ƙahon nan, ya goge har ya yi fari.

"Ƙahon na bar masa," ya ce, bai kalli kowa ba. "Ban ce na bar masa bakina ba. In shago ya yi shiru nakan ɗan hura, don kada leɓe ya mutu."

"Oh ni!" in ji Mama. "Allah ya shirye ku, ku biyun."

Ya kwance igiyar, ya jona bakin. Ya sake sa tabarau.

"Ƙara musu girma. Ki sa akwatin naki ya yi sauran, amma ki kashe nasa ƙahon. Kada ya sa min baki."

Auta ta kashe layin ƙaho, ta bar na sauran. Ta danna. Wani siririn layi ya fara tafiya a kan ɗigon, sautin badujala ya taso a hankali daga 'yar lasifikar.

Busar farko ta fito a fashe. Ta biyu ma. Kawu ya tsaya, ya lashi leɓe, ya ce ta koma farko.

A karo na biyu ta zauna.

Auta ta sha jin kiɗan nan daga kwamfuta, amma ba ta san haka yake ba. Tsallen nan da ta kira kuskure, a bakin Kawu ba tsalle ba ne, kamar mutum ne ya ɗaga murya yana kiran wani daga nesa. Yatsu biyu na tashi suna sauka, ba gargada. Sautin ya cika ɗakin, ya fita baranda, ya shiga cikin gida. Ta waiga za ta kalli Mama, ta ga babu ita a bakin ƙofa.

Layin na tafiya. Saura ɗigo takwas. Saura huɗu.

Kawu ya zo ƙarshe. Ya danna na ɗaya. Dungun yatsansa ya miƙa wajen na uku, bai kai ba.

Ya sauke ƙahon. Kwamfutar ta riƙe nata sautin ita kaɗai, ta gama ta yi shiru.

A cikin shirun ne suka ji ƙarar taya a kan siminti. Ƙiii, ƙiii, tana matsowa.

Kawu ya ƙame a kujera. Bai waiga ba.

Mama ta turo keken guragu har gefen tebur. Baba na zaune, bargo a cinya, hannun dama a kwance kamar ba nasa ba, fuskar ta karkace gefe ɗaya. Ya kalli littafin a buɗe. Ya kalli kusurwar da aka ɗaga. Sannan ya kalli Kawu, ya daɗe.

"Mai Sanda," in ji Kawu. "Ni... ban karanta ba. Wallahi ban karanta ba."

Baba bai ko ƙifta ido ba. Hannunsa na hagu ne ya fara motsi a kan bargon. Ya tashi da ƙyar, yana karkarwa, ya ratsa tsakaninsu kaɗan-kaɗan, har yatsa ɗaya ya sauka a kan madanni na uku.

Bakinsa ya buɗe. Wata takwas ba a ji komai daga cikinsa ba. Mama ta dafe ƙirji.

"A... sake."